Ta'aziyyar Mai Zanen Mota

'Yata ta fari ba ta taɓa zana gida da bishiya da rana ba, irin na sauran yara. Tun muna Kano, in aka ba ta takarda da fensir, mota za ta zana. Da na samu aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, a farkon shekarun dubu biyu, muka kama haya a Greenbelt, a wani bene da tagar falonsa ke kallon wurin ajiye motoci. Ni saboda tagar nan na raina gidan. Ita kuwa kamar an saya mata talabijin. Tana dawowa daga makaranta za ta hau kujera ta durƙusa, ta kafa goshi a jikin gilashi, ba ta sauka sai an kira ta cin abinci.

Ba na kama sunanta, don 'yar fari ce, kuma haka na ga mahaifiyata tana yi da babban yayanmu. “Yarinyar nan” nake cewa, ko “ke”. Abokan aikina sun sha yi mini tsiya, wai mace ta zauna gaban makirufo tana yi wa ministoci tambayar da ke sa su gumi, amma ta kasa furta sunan 'yar da ta haifa. Ban taɓa jin zan canja ba. Kara ce, da ita na tashi, kuma ina sonta. Sai dai ba a suna kaɗai ta tsaya ba. Tana hana ki yabon 'yar a gaban mutane, tana kuma hana ki tsaya mata a gaban ubanta. Uwar da ta buɗe baki ta goyi bayan ɗan fari ta zubar da girmanta, maganar kuma ba za ta yi nauyi ba, don za a ce son zuciya ne.

Maigidana mai haɗa magani ne a wani babban kanti. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya zagi, amma in ya ce a'a, to ki nemi wani aikin ki kama. Likita ya so yarinyar ta zama. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda ta karanta injiniyanci a jami'ar da ke kusa da mu, don tana kwana a gida, kuma injiniya suna ne da za a faɗa a gaban dangi ba tare da an sunkuyar da kai ba. Ta gama lafiya lau, da sakamakon da ban yaba a gabanta ba, amma na kulle kaina a banɗaki na yi rawa.

Ba a daɗe da gamawarta ba, muna cin abincin rana wata Lahadi, ta ce ta samu gurbi a wata makaranta a birnin Turin na Italiya, inda ake koyon zana jikin mota. Za a fara karatu in zafi ya wuce. Suna jiran amsarta kafin nan, in ba ta amsa ba su ba wani. Da Turanci ta faɗa, da sauri, kamar mai gudun kada ƙarfin halin ya ƙare mata a hanya.

Ubanta ya ajiye cokali. “Italiya?” ya ce. “Kin san abin da ake nufi a gida in an ce yarinya ta tafi Italiya?”

Ba ta sani ba, don a nan ta girma. Ni na sani. Duk ɗan Najeriya ya san labarin 'yan matan da ake kwasa zuwa can da irin aikin da ake sa su, kuma a Kano ba wanda zai tsaya tambayar sunan makaranta.

“Me zan ce wa Yaya in ya tambaye ni?” ya ci gaba, yana nufin wansa, babban gidansu. “In ce tana zanen mota? Mota ƙera ta ake yi. Kin yi digiri, sannan ki koma mai fenti? Ga ofisoshin gwamnati nan a bakin ƙofa. Ki nemi aiki. Ba za ki je ba.”

Ta juyo ta kalle ni. Har yau ina ganin idon nan. Ta ce da Turanci in ce wani abu mana. Ni da nake cin abinci da baki, na ce mata ta kwashe kwanuka.

Ta yi fushi da ni fiye da yadda ta yi da shi, kuma ban ga laifinta ba. A wajenta na yi shiru ne don ban damu ba. Alhali ni ban taɓa shakkar yarinyar nan ba, ko na rana ɗaya. Na ga zane-zanenta. Ban san komai a kan inji ba, amma ina da ido, na san mota mai kama da tana tafiya ko tana tsaye, kuma irin su take zanawa. Na san in ta je za ta yi fice. Na san kuma in aka hana ta za ta yi biyayya, ta ɗauki jakarta kullum ta hau jirgin ƙasa zuwa wani ofis, tana gaishe mu da ladabi, abin da ke cikinta yana mutuwa a hankali. Abin da na fi jin tsoro ke nan, don ta riga ta daina zane. Teburinta ya zama fes, kamar na baƙo.

Na gwada dabarun da uwa irina ke da su. Na yi zancen yaran zamani gaba ɗaya, ba tare da na ce wance ba. Na kawo labarin 'yar wata ƙawata a Annandale da ta je karatu Turai ta dawo da mutuncinta. Yana jina, ya san inda na dosa, sai ya ce, “Allah ya yi mata albarka,” ya ƙara sautin talabijin.

Ana cikin haka, a tsakiyar zafin nan na Washington da ke sa riga ta manne a baya, ana dab da azumi, na shiga ofis na tarar da labari daga Italiya. Wani dattijo ɗan birnin Turin ya rasu, injiniya kuma mai zanen motoci, wanda ya gaji kamfanin zanen motoci daga mahaifinsa ya shugabance shi shekaru masu yawa. Editanmu, wani Basakkwace mai gajen haƙuri, ya riga ya ture labarin gefe. Hotunan da suka zo da shi duk na jajayen motocin nan ne masu kwanciya a ƙasa, waɗanda attajiran duniya ke tsere da su. “Wa ya san shi a Gusau?” ya ce. “Wannan motar ko kwalbati ɗaya ba za ta haura ba a garinmu.”

Ni kuma saboda 'yata na zauna na karanta har ƙarshe. A can ƙasa, inda ba wanda ke kaiwa, aka ce gidan mutumin ne ya daɗe yana zana wa wani kamfanin Faransa jikin motocinsa. Na sake karantawa, na duba hotuna, sai na gane ta. Motarmu ce. Motar da ake harhaɗawa a Kaduna, wadda ta cika kowace tasha daga Sakkwato zuwa Maiduguri. Ita ce tasi, ita ce doguwar nan mai cin mutane da kayansu da kajinsu, ita ce a-kori-kura, ita ce motar babban sakatare, ita ce ta kai amarya, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti. Duk rayuwata ina ce mata motar Faransa. Ban taɓa tunanin akwai wasu mutane a Italiya da suka zauna da fensir suka ce fitilar ta zama haka, bayan ya sauko haka ba. Na ɗauka haka Allah ya yi ta, kamar raƙumi.

Na koma wurin edita na ajiye masa hoton. “Malam, wace mota ce ta kawo ka filin jirgi ranar da za ka zo ƙasar nan?”

Ya kalli hoton, ya kalle ni. “Hajiya, ba kya gajiya da rigima,” ya ce. Amma ya ba ni 'yan mintoci a ƙarshen shiri.

Na yi rahoton da duk basirar da nake da ita. Na ce wa masu saurare mutumin da ya rasu ba su san sunansa ba, amma sun zauna a cikin aikin gidansa, sun yi barci a ciki, wasu ma a ciki aka haife su. Na bayyana cewa kafin maƙeri ya taɓa ƙarfe, sai mai zane ya fara ganin motar a ransa ya sa ta a takarda, kuma sana'a ce da ake gado, ake kuma zuwa makaranta a koya. Mutane masu ɗimbin yawa ke jinmu a Najeriya da Nijar da Ghana, amma ranar mutum ɗaya nake yi wa magana, wato maigidana, kuma na san yana jin shirin kullum a wayarsa. Na dawo gida ina taƙama. Ya ce, “Na ji shirinku.” Na ce, “To?” Ya ce, “Akwai sauran miyar jiya?” Da ina da abin jifa a hannu, da na jefe shi.

Ranar Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji ne daga Gaithersburg. Shi ne dattijon Hausawan wannan yanki, Bamaraɗe, wanda ake kira in za a raɗa suna ko in ma'aurata sun saɓa. A ƙuruciyarsa direba ne tsakanin Maraɗi da Kano. A nan kuma yana da baƙaƙen motoci da ke kai manyan mutane filin jirgi, wasu ke tuƙa masa. Ya san 'yata tun tana ƙarama, yana ce mata amaryarsa, irin wasan kaka da jika, kuma a duk taron salla sai ya tsokane ta, don a wurin ajiye motoci ake samunta da takarda a cinya.

Ranar bai zo da wasa ba. Farar babbar riga ce a jikinsa, da ledar dabino da goro a hannu. Ya cire takalmi, ya ƙi kujera, ya zauna a kan kafet. Maigidana ya sauko ya zauna kusa da shi. Bayan gaisuwa Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, “Ya muka ji da haƙuri?”

“Da godiya,” in ji maigidana, don baki ya saba. Sannan ya juyo ya kalle ni a firgice. Mahaifiyata na fara tunawa, don a nan in an yi rasuwa a gida, sau da yawa dattijo ake fara kira ya zo ya faɗa.

“Alhaji, wa ya rasu?”

“A'a, ku kwantar da hankali, ba daga gida ba ne,” ya ce. “Na ji Hajiya cikin radiyo tana hwaɗin babban masu zanen mota ya rasu. Wallahi sai da na gyara tsayuwa bakin hanya. Shekaru na yi ina cin abinci cikin abin da mutanen ga sunka zana. Da motar ga na yi aure, da ita na tahi Makka. Ban taɓa yi mishi na gode ba, don ban san da shi ba. Na ce to, wa za ni yi ma gaisuwa? Iyalinshi ban san su ba, ƙasarsu ban taɓa zuwa ba. Sai na tuna. In maƙeri ya mutu, maƙera aka yi ma gaisuwa. In mahauci ne, mahauta. Cikin sana'arshi ko, ɗiyar ga ɗai na sani. Ba wurinka na zo ba, Malam. A kira min ita.”

Ban jira maigidana ya ce komai ba, na tafi na kira ta. Ta fito da gyale, ta durƙusa ta gaishe shi, tana jiran ya ce amaryarsa. Bai ce ba.

“Ɗiyata, ya haƙuri? Babbanku ya tahi. Na san ba musulmi ba ne, ba ni roƙa mishi abin da ba a ba ni izini ba. Amma haƙuri, kowa ana ba shi. Allah shi ba ku haƙuri, ku da kunka gaji aikin.”

Ta kalle ni, ba ta san amsar ba. Na ce mata a hankali, “Ki ce da godiya.” Ta ce da godiya. Sai kawai ta fashe da kuka, kuka na gaske, har kafaɗunta na rawa. Alhaji ya gyaɗa kai, don a wurinsa daidai ne a yi kuka a zaman makoki. Ni na san ba dattijon Italiya take yi wa ba. Tunda aka haife ta, ranar ce ta farko da wani babba ya zo takanas, ya zauna a ƙasa, ya kira abin da take yi sana'a.

Na kawo ruwa da lemo. Kamar yadda ake yi a gidan rasuwa, aka shiga ba da labarin mamaci, kuma tunda ba wanda ya san shi, sai aka koma kan motar. Alhaji ya ba da labarin bashe ɗinsa, wato a-kori-kura a bakin mutanen Nijar, yadda yake loda mata buhunan wake har ta durƙusa, ta kuma tashi ta tafi. Maigidana ya fara da “haka ne, haka ne” na ladabi. Can sai na ji ya ce mahaifinsa ma yana da ita, fara, kuma a cikinta aka kai shi makaranta Zariya, yana baya da akwatinsa na ƙarfe. Ya ce ranar Juma'a shi ke wanke ta, ba ya yarda ƙannensa su taɓa. Muna tare shekara da shekaru ban taɓa jin wannan labarin ba. Ya ce abin da ya fi so a jikinta shi ne bayanta, yadda yake tafiya a miƙe sannan ya karye ya sauko. Da kalmomi suka gaza masa sai ya ɗaga hannu ya ja layin a iska, a hankali, har da ɗan lanƙwasa yatsu a wurin karyewar.

Yarinyar ta share ido. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, “Abba, wannan da ka yi da hannu, wani ne ya zauna ya yi tunaninsa. Shi nake so in koya.”

Ya sauke hannun da sauri, kamar an kama shi da satar nama a tukunya.

Da Alhaji ya tashi tafiya, yana sa takalmi a bakin ƙofa, ya juyo wurinta. “An ce mini kin samu lakwal, makarantar zanen mota, can garinsu. Madalla. In kin isa, ki nemi iyalinshi, ko masu aiki gidanshi. Ki ce wani tsohon direba na Maraɗi ya ce a ba su haƙuri, kuma ya gode. Amana ce na ba ki, gaban ubanki.”

Na ga maigidana ya buɗe baki. Kalma biyar ce kawai, ba za ta je ba, ya faɗe ta a baya ba tare da ya ƙifta ido ba. Amma dattijo ne ya zo ta'aziyya har gida, ya ba da saƙon gaisuwa, kuma ban san Bahaushen da zai dube shi ya ce saƙon ba zai isa ba. Ya rufe bakin. Ya ce, “Allah ya ba da lada, Alhaji,” ya raka shi har mota.

Da ya hawo ya same ni a kicin. “Ke kika aiko shi.”

“Wallahi ban aiko shi ba,” na ce. “Da na san haka za a yi, da tun tuni na aike shi.”

Gaskiyata ke nan. Ko Alhaji ya san an hana yarinyar tafiya, har ya koma ga Allah ban tambaye shi ba. Wasu sun ce shi mutum ne mai zuciya ɗaya, abin da ya faɗa shi ya kawo shi. Wasu sun ce babu abin da ke faruwa a gidan Bahaushe tsakanin Maryland da Virginia da bai sani ba. Ni na fi yarda da na farko, don na ga fuskarsa lokacin da yake cewa ya gode.

Maganar ta kwanta. Aka ga wata, muka shiga azumi mai dogon wuni, lokacin amsar makarantar yana ta matsowa. Yarinyar ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma na kama bakina, ko da yake kama shi ya fi mini ƙishirwar wuya. Sau biyu na ji maigidana yana waya da wansa a baranda, ya ja ƙofa.

Wata yamma mun zauna shan ruwa, an yi kiran salla a wayarsa, kowa ya kai dabino baki. Ya kurɓi kunu, ya ajiye kofin, ya dubi yarinyar da fuskar nan tasa ta faɗa.

“Ke, saƙon Alhaji fa?”

Ta tsaya da cokali a hannu.

“Gaisuwar mutuwa ake bari ta tsufa? Mutum ya ba ki amana a gabana, kin zauna kina kallona. Ki amsa wa mutanen nan gobe. Yaya kuma na gaya masa, wanda ke da magana ya same ni.”

Ta riga ni ganewa. Ta zagaya tebur ta rungume shi ta baya, irin na yaran nan, yana cewa ta sake shi zai yi salla. Ni da na fi kowa son wannan rana, sai a lokacin ya faɗo mini cewa abin da na yi ta nema shi ne a ɗauke mini 'ya a kai ta wata ƙasa. Na yi murna har cikin ƙashina, na kuma ji kewarta tun tana tsaye a gabana. Na miƙa wa ubanta ruwa, ya karɓa.

“Akwai sanyi a can?” ya tambaye ta.

“Akwai, Abba. Kusa da duwatsu ne.”

“To a nema mata rigar sanyi mai kauri,” ya ce da ni, bai kalli ko ɗayanmu ba. “Ba irin waɗannan na gayu da take sawa ba.”